Sauya Agogo Sau Biyu a Shekara: Ribar Ba Ta Kai Wahalar Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi bayani a kan wata al'ada ta ƙasar da nake zaune, wadda 'yan'uwa na gida suka daɗe suna tambayata a kanta. Ni ma'aikacin jinya ne a birnin Birmingham na Ingila, shekarata ta goma sha ɗaya ke nan a nan, kuma babu shekarar da mahaifiyata ba ta tambayata dalilin da ya sa lokacin kirana yake sauyawa. A watannin zafi, ƙarfe bakwai a wurina ita ce ƙarfe bakwai a wurinta a Katsina, amma da zarar Oktoba ta zo ƙarshe sai in koma bayanta da awa guda cur, alhali kuwa ita ba ta gusa ba, ni ma ban gusa ba.

Abin da ke faruwa shi ne, a ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris, idan ƙarfe ɗaya na dare ta buga a Birtaniya, sai a tura agogo gaba ya koma ƙarfe biyu. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma, idan biyun dare ta yi, sai a mayar da shi ƙarfe ɗaya. Ƙasashen Tarayyar Turai duka suna yin haka a daidai wannan lokaci, Amurka da Kanada kuwa nasu yana farawa ne a Lahadi ta biyu ta Maris ya ƙare a Lahadin farko ta Nuwamba. Turawa suna kiran abin tsimin hasken rana, ni kuwa zan kira shi agogon bazara. Matasanmu masu zuwa gidajen kallo sun san shi ko da ba su san sunansa ba, domin shi ne ya sa wasan Firimiya na ranar Asabar da suke kallo da ƙarfe uku a watan Satumba yake komawa ƙarfe huɗu a watan Disamba.

Adalci ne in fara da faɗin cewa waɗanda suka ƙirƙiro wannan tsari ba don wasa suka yi ba, matsala ce ta gaske suka gani, wadda mu da muka taso kusa da tsakiyar duniya ba mu san ta ba. A Kano, bambancin da ke tsakanin yini mafi tsawo da yini mafi gajarta a shekara bai wuce awa ɗaya da rabi ba. A nan Birmingham kuwa, yinin ƙarshen Yuni ya haura awa 16, na ƙarshen Disamba kuma bai cika awa 8 ba. Da za a bar agogo yadda yake a hunturu, da rana ta riƙa fitowa tun huɗu saura kwata na asuba a watan Yuni, wato hasken awa uku ko fiye zai wuce mutane suna kwance kafin su tashi shirin aiki. Wannan ne ya dami wani magini ɗan Ingila mai suna William Willett, wanda ya fita kilisa a kan dokinsa da sassafe ya tarar gari ya waye tangaran amma labulayen gidaje a sauke, kowa yana barci. A 1907 ya fara yekuwar a tura agogo gaba, ya kashe dukiyarsa da ƙarfinsa a kai, ya kuma rasu a 1915 ba tare da majalisa ta amince ba. Kafin shi ma, wani masanin ƙwari a New Zealand, George Hudson, ya kawo irin wannan shawara a 1895. Abin da hujjar waɗannan mutane ta kasa yi, yaƙi ne ya yi shi. A ranar 30 ga Afrilun 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamus ta tura agogonta gaba don ta rage ƙona kwal, Birtaniya ta bi sahu a ranar 21 ga Mayu, Amurka kuma a 1918.

Akwai wata magana da ake yawan maimaitawa, wai don manoma aka yi. Ba haka ba ne. Manoman Amurka ne suka fi kowa yaƙar tsarin, har suka sa majalisar ƙasar ta soke shi a 1919 duk da Shugaba Woodrow Wilson ya hau kujerar na-ƙi. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san dalili: saniya ba ta san an taɓa agogo ba, lokacin tatsarta yana nan inda yake, raɓa kuma ba za ta bushe a gona da wuri don an ce ƙarfe bakwai ta zama takwas ba. Waɗanda suka riƙa goyon bayan tsarin tun can su ne 'yan kasuwar birni da masu filayen wasanni, saboda mutumin da ya tashi aiki da sauran rana yakan biya kanti, wanda ya tashi cikin duhu kuwa gida yake nufa.

Ba zan ɓoye ba, hasken yamma abu ne mai daɗi, kuma sai wanda ya yi hunturu a ƙasar nan zai san darajarsa. A Disamba kana fita aiki cikin duhu, kana dawowa cikin duhu, domin kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, har mutum yakan yi mako guda bai ga hasken rana sosai ba in dai a cikin gini yake aiki. Ranar da aka tura agogo a Maris, magariba ta koma bakwai da rabi, sai ka ga gari ya farfaɗo: yara sun cika filayen wasa, tsofaffi sun fito tattaki, matan da ke tsoron bin wasu hanyoyi da duhu sun sami sararin dawowa gida da ido buɗe. 'Ya'yana suna jiran wannan rana kamar yadda muke jiran ruwan farko a gida. Kuma ba jin daɗi kawai ba ne, akwai abin da aka auna. Wani nazari da masana tattalin arziki biyu suka wallafa a Amurka a 2015 ya nuna cewa fashi da ƙwace sun ragu da kimanin kashi 7 cikin 100 bayan an shiga agogon bazara, kuma raguwar ta fi yawa a awar da a da take cikin duhu ta koma cikin haske. Masu fafutukar kare haɗurran hanya a Birtaniya su ma sun daɗe suna cewa yamma ta fi safiya haɗari ga masu tafiya a ƙasa, saboda direbobi sun gaji, yara kuma ba kai tsaye suke wucewa gida daga makaranta ba. Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba.

Amma hujjar da aka kafa tsarin a kanta tun farko, wato tsimin makamashi, ita ce ta fi kowace rauni a yau. A 1916 fitila ce babbar mai cin wuta a gida, saboda haka jinkirta kunna ta da awa guda riba ce. Yanzu ƙwan lantarki na zamani kaɗan yake ci, masu cin wutar su ne na'urar sanyaya ɗaki da ta ɗumama shi da firji da talabijin, waɗanda babu ruwansu da faɗuwar rana. Lokacin da Amurka ta ƙara wa agogon bazara mako huɗu daga 2007, ma'aikatar makamashin ƙasar ta bincika ta ba majalisa rahoto a 2008 cewa abin da aka rage bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 na wutar da ake sha a kowace rana ta waɗannan makonni ba. A jihar Indiana kuwa, wadda ta shigar da dukan ƙananan hukumominta cikin tsarin a 2006, masu bincike sun duba takardun kuɗin wuta na gidaje suka tarar shan wuta ƙaruwa ya yi da kusan kashi 1 cikin 100, domin mutane suna dawowa gida rana tana da ƙarfi, sai su kunna na'urar sanyi. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Inda abin ya fi damuna, a matsayina na mai jinya, shi ne jikin ɗan Adam. Mai cewa ai awa ɗaya ce kawai bai lura da cewa ba mutum ɗaya aka rage wa barci ba, al'umma ce gaba ɗaya a dare guda, da direban babbar mota, da likitan tiyata, da yaron da zai tsallaka titi. Jiki yana da nasa agogon da Allah Ya halitta masa, wanda hasken safiya ke saita shi, duhun dare kuma ke saukar masa da barci, kuma wannan agogo ba ya karɓar umarnin majalisa. Masu bincike a Sweden sun duba bayanan asibitoci na shekaru masu yawa suka wallafa a 2008 cewa bugun zuciya mai tsanani yana ƙaruwa da kimanin kashi 5 cikin 100 a makon farko bayan an tura agogo gaba. Wani nazari a jihar Michigan ya sami ƙarin kashi 24 cikin 100 a ranar Litinin da ke biye da sauyin, ko da yake wasu nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun sami adadi ƙasa da haka sosai, kuma wajibi ne in faɗi wannan. A 2020 masana a Jami'ar Colorado sun bi diddigin haɗurran mota na fiye da shekara 20 a Amurka, suka ga waɗanda ake rasa rai a cikinsu suna ƙaruwa da kashi 6 cikin 100 a makon sauyin bazara. A shekarar ce kuma ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fito fili ta nemi a daina sauyin, a tsaya a kan agogon asali wanda ya fi kusa da rana.

Abin da na gani da idona bai shiga kowane lissafi ba. Na sha yin aikin dare a daren Oktoba, inda awa 12 take zama 13, ka duba agogo ka ga biyu saura, ka gama zagayen marasa lafiya ka sake dubawa ka ga ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci. A wannan dare ƙarfe ɗaya da rabi sau biyu take zuwa, saboda haka duk maganin da aka bayar sai an rubuta ko a ta farko ce ko a ta biyu, maganin da ake sha duk bayan awa shida kuma sai an zauna an sake lissafa shi, domin kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne. Tsofaffin da ke fama da ciwon mantuwa su suka fi ba ni tausayi. Rayuwarsu a kan sabo take tafiya, abincin dare ƙarfe kaza, kwanciya ƙarfe kaza, kuma idan aka gusar da wannan, duhu ya riske su tun kafin a kawo abinci, sai ka ga wata tsohuwa ta tashi hankalinta a tashe tana neman jakarta wai za ta je ɗauko 'ya'yanta daga makaranta. Yakan ɗauke mu kwanaki kafin su daidaita.

Mu Musulmi kuma muna da namu ƙarin nauyin. Salla da rana take tafiya, aiki da makaranta kuwa da agogo, to duk lokacin da aka gusar da agogo an gusar da salla ke nan a cikin jadawalin ma'aikaci. Azahar da ke shiga wajen sha biyu da kwata a ranar Asabar sai ta koma ɗaya da kwata a ranar Lahadi, masallatai su sauya lokacin huɗubar Juma'a, wanda ya riga ya daidaita hutun cin abincinsa da shugabansa a wurin aiki ya koma neman sabon izini. A Yuni magariba tana kaiwa tara da rabi na dare, lisha ta doshi sha ɗaya, asuba kuma ta shigo kafin ƙarfe uku, ga aiki yana jira da safe. Gaskiya ne tsawon yinin ba laifin agogo ba ne, amma agogon bazara ne yake ƙara tura magariba da lisha cikin dare da awa guda, ya matse ɗan barcin da ya rage wa mai fita aiki. A 2024 sauyin ya faɗo ranar 31 ga Maris, ana shiga goman ƙarshe na Ramadan, mutane suna fama da tahajjud aka sake zare masu awa guda. A 2025 kuwa ya faɗo ranar 30 ga Maris, safiyar da da yawa daga cikinmu muka yi Ƙaramar Salla, har limamai suka riƙa jan kunnen jama'a tun daren kada a makara zuwa Idi.

Mai karatu zai ce, to tunda hasken yamma yana da daɗi, sauyin ne kuma ke da wahala, me zai hana a tura agogon gaba a bar shi can har abada? An gwada, kuma ba sau ɗaya ba. Birtaniya ta yi haka daga 1968 zuwa 1971. A lokacin, rana ba ta fitowa a arewacin Scotland a tsakiyar hunturu sai wajen ƙarfe goma na safe, yara suna tafiya makaranta da ɗamarar hannu mai ƙyalli don direbobi su gan su, kuma majalisa ta soke gwajin da gagarumin rinjaye. Amurka ta gwada a Janairun 1974 saboda tsadar man fetur da ta biyo bayan takunkumin ƙasashen Larabawa, jama'a suka karɓe shi da murna, amma da iyaye suka ga 'ya'yansu suna jiran motar makaranta cikin duhu, aka kuma sami yaran da motoci suka kaɗe da sassafe a Florida, kafin shekara ta ƙare an janye. Rasha ta ɗauki agogon bazara na dindindin a 2011, ta gaji da duhun safiya ta koma na hunturu a 2014. Hasken da ake ƙara wa yamma daga safiya ake ɗebo shi, kuma a hunturu safiyar ba ta da rarar da za ta bayar.

Wannan ce ta sa maganar ta cije a Turai da Amurka. A 2018 Tarayyar Turai ta nemi jin ra'ayin jama'a, mutum miliyan 4.6 suka amsa, kashi 84 cikin 100 suka ce a daina sauyin, majalisar tarayyar kuma ta amince a Maris na 2019 da ƙuri'a 410 a kan 192. Amma gwamnatocin ƙasashen sun kasa daidaitawa a kan wane agogo za a tsaya, sai batun ya kwanta. Majalisar dattawan Amurka ta amince da agogon bazara na dindindin a Maris na 2022, ta wakilai ba ta ɗauki ƙudirin ba. Brazil kuwa ta daina sauyin a 2019, Mexico ta daina a yawancin ƙasarta a 2022, kuma rayuwa ta ci gaba.

A nahiyarmu ma akwai darasi. Masar ta soke tsarin a 2011, ta dawo da shi a 2014, shekarar da ta taɓa agogo har sau huɗu saboda an dakatar da shi a watan azumi, ta sake sokewa, sannan ta dawo da shi a 2023 da sunan tsimin makamashi. Maroko ta yanke shawarar zama a kan agogon bazara a 2018, ɗalibai suka fito zanga-zanga saboda duhun safiya, kuma daga nan duk Ramadan ta riƙa mayar da agogo baya tana sake tura shi bayan Salla, wato an gudu ba a tsira ba. Amma wanda ya fi kusa da mu shi ne na Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke da yawa. A Janairun 2000 gwamnatin ƙasar ta tura agogo gaba da awa guda da nufin koya wa ma'aikata sammako, aka shekara 17 ana kokawa cewa yara suna fita makaranta gari bai gama wayewa ba, sai a ranar 1 ga Nuwamban 2017 aka mayar da shi inda yake.

Najeriya da Nijar ba sa sauya agogo, kuma ina fatan kada ranar ta zo da wani zai kawo mana wannan a matsayin maganin ƙarancin wuta, don kawai ya ga ana yi a Turai. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, agogonmu ya riga ya wuce rana. An saita shi ne da layin da ya ratsa ta wajen Tafkin Chadi, gabas da kusan dukan garuruwanmu, shi ya sa a Kano rana ba ta kaiwa tsaka sai wajen sha biyu da rabi, a Sakkwato sai ɗaya saura ashirin, a Yamai kuwa sai ɗaya saura 'yan mintoci. A Janairu rana tana fitowa a Sakkwato bayan ƙarfe bakwai. Da za a ƙara awa guda, da ɗan firamare ya fita cikin duhu da hazo da sanyin hunturu, rana ba ta fito ba sai takwas ta wuce. Sa'annan ranar yamma da Bature yake marmari, mu a watan Afrilu gudunta muke yi, kuma ba banza ba jihar Arizona mai zafin hamada ta tsame kanta daga tsarin a cikin Amurka kanta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A ganina ma, abin da Turawa suke nema ta hanyar taɓa agogo, mu mun daɗe da samunsa ta hanya mafi sauƙi. Bahaushe yakan ce mu haɗu da hantsi, ko bayan la'asar, ko tsakanin magariba da lisha, kuma wannan alƙawari da rana yake tafiya, yana gusawa da minti ɗaya ko biyu a hankali yadda jiki ba zai ji ba. Manomi yana sammako da bazara ya dawo kafin rana ta take, ba tare da wani ya sa hannu a doka ba. Idan azumi ya zo, wasu gwamnatocin jihohin Arewa sukan rage lokacin aiki ma'aikata su tashi da wuri, agogo yana nan yadda yake. Wannan ita ce shawarar da nake bai wa abokan aikina a nan duk lokacin da maganar ta taso: a bar agogo a kan na asali shekara duka, ma'aikatar da take son mutanenta su sami hasken yamma ta buɗe ƙarfe takwas maimakon tara daga Afrilu zuwa Satumba, makarantar da ke arewa mai nisa ta jinkirta shiga aji a Disamba, asibiti kuma a ƙyale shi da awa 24 ɗinsa cikakku. Wasu sukan ce hakan zai kawo ruɗani tsakanin ma'aikatu, ni kuwa ina ganin ruɗanin da mutum ya zaɓa ya kuma shirya masa ya fi wanda ake ɗora wa jariri da tsoho da mara lafiya a dare ɗaya.

Kafin masu mulkin ƙasashen nan su daidaita, ina da roƙo guda gare ka, ya Edita. Matasanmu da yawa yanzu suna karatu da aiki da ganawar neman gurbin jami'a ta intanet da mutanen Turai da Amurka, kuma na san wani ɗan ƙanena da ya shiga ganawar neman tallafin karatu a ƙarshen Maris ya tarar an tashi, saboda ya yi lissafi da bambancin awa guda da ya saba da shi, bai san an sauya agogo a Landan kwana biyu kafin ranar ba. Da jaridar nan za ta riƙa sa 'yar sanarwa a mako na biyu da na ƙarshen Maris, da kuma ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba, cewa daga ranar kaza Landan ta yi daidai da Najeriya da Nijar ko ta koma baya da awa ɗaya, New York kuma ta koma awa biyar ko shida a bayanmu, da an taimaki ɗalibai da 'yan kasuwa da iyayen da ke zaune kusa da waya suna jiran kiran 'ya'yansu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Birmingham, Ingila.